Mesar Maigidana da Akwatin Gilashin Baba

Wata uku da aurena aka tura maigidana aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa. Ya tafi ya bar mini amana biyu, iyayensa da mesarsa. A lokacin mesar ce kaɗai take ba ni tsoro. Iyayen kuwa na ɗauka ai mutane ne, in ka gaishe su da safe ka share musu tsakar gida, ka gama da su.

A Rikoto muke, a gidan mahaifinsa, farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar salula take sabon abu a Zuru. Maigidana kofur ne a soja, kuma a unguwarmu wannan ba labari ba ne, don da wuya ka wuce gida uku ba ka ga kakin soja a kan igiyar shanya ba. Labarin shi ne abin da yake ajiye a ƙarƙashin gado. Tun yana nemana ya gaya mini yana kiwon mesa, na yi dariya na ce ni ma ina kiwon kura. Sai da na tare, washegari na sunkuya da tsintsiya, na ci karo da wata babbar roba shuɗiya mai murfi, an ɗora mata dutse. Na tambaye shi ko hatsi ne, ya ce in buɗe in gani. Har yau yana ba da labarin yadda na tsallake gado na bar takalmi ɗaya a ɗakin, kuma har yau ban yafe masa ba.

Ba irin mesar nan ba ce da ake cewa tana haɗiye akuya. Ƙarama ce, tsawonta bai wuce hannuna da ɗan ɗoriya ba, ba ta da dafi, kuma ta fi ni tsoro nesa ba kusa ba. Da ta ji motsi sai ta naɗe kanta kamar gammo, ta cusa kai a tsakiya ta yi lamo. A gonarsu ta Manga ya same ta yana saurayi, ranar da aka fasa wani suri, ya ƙwace ta kafin masu fartanya su sare ta. Shekara shida tana cikin robar nan. Ya gasa ƙusa a wuta ya hudhuda murfin don iska, ya shimfiɗa busassun ganyen mangwaro, ya sa ƙaramin kwanon ruwa, ya kife mata wani fasasshen kasko da take shigewa ƙarƙashinsa. Iyakar gidanta ke nan.

Kafin ya tafi ya koya mini aikin. Duk sati biyu a ɗauko ɓera daga tarkon da ake ɗanawa a rumbu, a sa mata, a rufe, a ɗora dutse, a ba ta wuri. A canza ruwan sha, a yayyafa wa ganyen ruwa in ya bushe. Sau uku ya maimaita mini cewa in na sa ɓera kada in tsaya leƙe. Ranar tafiyarsa, yana ɗaure igiyar takalmi, ya ce da ni, "Iyayena za su iya kula da kansu. Ita ce ba ta da kowa sai ke." Na ji haushi, don ni amarya na sa rai in ji wata magana mai daɗi a kaina, ba a kan maciji ba. Amma na ce masa to.

Satin farko da muciya nake ɗaga murfin, ina tsaye daga nesa. A hankali na saba. Ga ta da sanyin jiki da ɗan nauyi, in ka ɗauke ta sai ta zagaye maka wuyan hannu, ba matsa ba, riƙo kawai. Ɗakin ya yi mini faɗi bayan tafiyar maigidana, sai na koma yi mata hira ina linke kaya. Na gaya mata abubuwa da yawa game da mutanen gidan, ba ta kuma taɓa kai gulmata gaba ba.

Surukina, wanda kowa ke kira Baba, tsohon samanja ne. Ya ajiye kaki amma bai ajiye bariki ba. Duwatsun da ke bakin hanyar shiga gida duk an shafa musu farar ƙasa. Takalma a layi suke kwana. In an yi shara sai ya bi ya duba ko layin tsintsiya ya miƙe. Bayan addu'ar safe zai ɗauki 'yar sandarsa ya zagaya gida, daga akurkin kaji har bayan rumbu, yana bincike, a ganinsa duk abin da ido bai gani ba yana can yana lalacewa. Mutumin kirki ne, ba shi da mugunta ko kaɗan, muryarsa ce dai ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Surukata kuwa, Mama, mace ce mai ƙaramin jiki da ba ta cika magana ba. Shekara arba'in tana karɓar odarsa, tana kuma yin abin da ta ga dama.

Lokacin da maigidana yake nan a ɗakinmu muke cin abinci. Yana tafiya Baba ya ce ba zai yiwu a bar ni ina ci ni kaɗai kamar marainiya ba, daga yau tebur ɗaya, mu uku, ƙarfe ɗaya na rana da ƙarfe shida na yamma. Don alheri ya yi, na sani. Amma ni 'yar Kanya ce, a hannun kakata na tashi, kuma abin da ta fi dasa mini shi ne mace ba ta cin abinci a gaban surukinta. Ko ruwa za ta sha sai ta juya baya. Kakata ba ta taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba, abin ya shige jikina kawai. In na kai loma baki, na ji idon Baba a kaina, sai lomar ta ƙi wucewa. Shi kuwa kallon faranti sana'arsa ce. Ya ce sojan da bai ci ba shi ne zai faɗi a fareti, don haka da kansa yake tsamo nama ya ɗora mini, ya zuba ido ya ga na ci.

Sai in yi loma biyu, in yi ta juya sauran tuwon cikin miya har a tashi. In an tashi in ruga kicin, in laɓe bayan ƙofa, in ci ƙanzo a tsaye kamar ɓarauniya. Mama ta gane tun satin farko. Kullum sai in tarar da kwano a rufe a bayan turmi. Baba kuwa ya yanke hukunci ba ni da lafiya. Ya tambayi Mama ko juna biyu ne, ta ce a'a. Sai ya shiga gari ya sayo mini wata ƙatuwar kwalbar maganin ƙarin jini, baƙi ƙirin, mai ɗanɗanon ƙusa, ya riƙa tsayawa a kaina safe da yamma sai na shanye cokali guda.

Kamar wata ɗaya da tafiyar maigidana aka fitar da kayan ɗakuna don a fesa maganin sauro. A nan Baba ya ga robar a tsakar gida. Ya san ɗansa yana da mesa, amma bai taɓa shiga ɗakin ya ga inda take kwana ba. Ya ɗage dutsen da sandarsa, ya buɗe murfin, ya ga duhu da ganye da fasasshen kasko, sai ransa ya ɓaci. Ya tambaye ni wane laifi wannan halitta ta yi aka kulle ta a gadurum shekara shida. Ya ce ko sojan da ya gudu daga aiki ba a yi masa haka. Na san amsar, tana bakina, amma na sunkuyar da kai.

Bayan kwana huɗu aka turo akwati a baro. Wurin mai haɗa tagogin gilashi ya je ya ba da aiki, mutumin da ke yi wa masu sayar da burodi da soyayyen nama akwatin talla. Gilashi ne ta ko'ina, gaba da baya da gefe, sama kuma ragar waya. Baba ya sa aka ɗebo farin yashi daga rafi, ya wanke shi da kansa, ya shimfiɗa, ya ajiye dutse ɗaya mai kyau a tsakiya. Kaskon kuwa ya ce ƙazanta ne, a jefar. Na ɗauka kamar zan kai shi juji, na kewaya na ɓoye shi a bayan akwatin kayana. Aka ɗora gilashin a kan tebur a baranda, inda rana take bugawa har hantsi, aka sa mesar a ciki. Robar kuma Mama ta ɗauka tana jiƙa gero.

Gaskiya ɗaya ce, akwatin ya yi kyau. Ni da nake ɗaukarta a hannu ban taɓa ganin kyawunta ba sai a cikin hasken nan, zanen jikinta ruwan zuma da ruwan ƙasa, an kewaye da baƙi. A roba ba ka ganin komai sai in ka buɗe, in ka buɗe kuma ta shige ƙarƙashin kasko. Yanzu kowa ya gani. Mutane suka riƙa biyowa bayan an tashi daga coci, yara su manna hanci a gilashi, Baba yana tsaye da sanda yana bayani kamar shi ya halicce ta. Ya sa mata suna kurtu, wato sabon shiga soja. Kullum da safe sai ya goge gilashin da tsohuwar jarida, ya ƙwanƙwasa da sanda ya ce kurtu ta fito fareti. Na daɗe ban ga tsoho yana jin daɗin abu irin haka ba.

Ranar ba ta abinci ta farko Baba ya gayyato maƙwabta, aka jera benci. Aka saki ɓera a ciki. Mesar ta matse a kusurwa ta naɗe. Ɓeran ya zagaya, ya shinshina yashi, ya hau kanta ya zauna yana wanke fuska. Baranda ta kaure da dariya. Baba ya ce ba komai, sabon wuri ne, kowane soja in an yi masa canjin wurin aiki sai ya yi kwana biyu bai sake ba.

Kwana biyun ya zama wata, watan ya zama biyu. Ba irin abin da Baba bai gwada ba. Ya sa mata ƙwai. Ya sa mata ɗan tsako, Mama ta zo ta ɗauke abinta tana faɗa. Ya sayo tsire ya ɗora a kan dutsen, tururuwa suka cinye. Wata safiya na kama shi yana ɗiga mata maganin ƙarin jini a kwanon ruwa, daga kwalbata. Na so in yi dariya, sai kuma na ji ƙwalla, don mesar ta fara ramewa. Irinsu suna iya daɗewa ba su ci ba, maigidana ya gaya mini, amma wannan ba hutun ci ba ne. Fatarta ta saki, ƙashin bayanta ya fito. Da lokacin saɓarta ya zo, maimakon tsohuwar fatar ta fita gaba ɗaya kamar yadda take yi a danshin roba, sai ta fita guntu-guntu, wata ta manne mata a ido, don ragar waya ba ta riƙe danshi. Hancinta ya ɗaye saboda gogar gilashi, tana neman hanyar da babu.

Sau ɗaya a wata maigidana yake bugo waya. A bakin titi nake zuwa in jira, wurin wata mata da ta kafa lema da tebur tana hayar waya. Bayan ya tambayi Baba da Mama, sai ya sassauta murya ya ce, "Ya 'yar ƙarƙashin gado?" Wata uku a jere ina ce masa lafiya lau. A na ukun ya ce in abubuwa sun yi masa zafi a can, yakan tuna ta tana kwance ƙarƙashin kaskonta ba abin da ya dame ta, sai hankalinsa ya kwanta. Na taho gida ina kuka a hanya. Amana ɗaya da ya damƙa mini da bakinsa tana mutuwa a baranda, ina wucewa ta gabanta sau ashirin a rana.

Kuma na san ciwonta, ba sai an kira mai magani ba. Daga kujerata a tebur ina hango ta ta taga, ita a matse a kusurwa da ɓera a gabanta, ni a matse a kujera da tuwo a gabana, Baba yana kallonmu bi da bi. Amma ta yaya matar ɗa za ta buɗe baki ta ce wa surukinta ya yi kuskure? Na bi ta hannun Mama. Ta same shi da maganar, suka juya harshe zuwa yarensu na C'lela kamar yadda suke yi in za su yi gardama, ni kuwa kaɗan nake tsinta. Na dai ji muryarsa tana hawa. Da ta dawo kicin ta gaya mini ya ce shekara talatin da biyar yana kula da mutane, bai taɓa ganin mai rai da ya fi son kurkuku a kan gida mai tsabta ba. Ta ce, "Ɗiyata, na hwaɗa mishi, bai ji ba. Shi kunnenshi a idonshi yake, sai ya gani."

A wata na huɗu da shigarta gilashi aka gayyaci Baba bikin 'yar wani abokin aikinsa a Kontagora. Ya tafi ranar Alhamis, ya ce sai Litinin. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Mama ta juye geronta a kwando, ta miƙo mini robar. Na wanke ta tas, na zuba ganyen mangwaro na yayyafa ruwa, na fito da kaskon. Da na ɗauko mesar sai na ji ba nauyi. Ina sa ta ta zarce ƙarƙashin kasko, ko waiwaye ba ta yi ba. Na rufe, na ɗora dutse, na tura ƙarƙashin gado. Shirinmu shi ne ta huta kwana uku, in ba ta ɓera ranar Lahadi, in mayar da ita gilashi kafin Baba ya dawo. Abin da zai biyo baya ban yi tunaninsa ba.

Ranar Lahadi da safe na sa mata ɓera, na kulle ɗaki, na ɗaure makullin a bakin zanina, muka tafi coci da Mama. Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ranar ba. Muna dawowa tun daga kan kwana muka ji murya, wadda ba mai irinta a Rikoto. Ashe Baba ya sami wanda ya rage masa hanya, ya dawo kwana ɗaya kafin lokaci, ya tarar da gilashi wayam.

Gidan a cike yake. Maƙwabtanmu Musulmi da duk mazan unguwa da suka yi fashin coci, Baba ya tattara su ya raba musu aiki. Wasu suna bayan rumbu, wasu suna tona tarin itace, an fito da kaji daga akurki, an juye tukwanen Mama. Yana ta ba da oda kada kowa ya doke ta in an gan ta, amma na ga adda a hannun mutum biyu, na kuma ji ɗayansu yana cewa shi yana da ƙananan yara, ba zai tsaya tambayar maciji ko na gida ne ba. Su ne fa masu zama a benci suna yi mata dariya. An gama da ko'ina, saura ɗakina, har wani ya ɗauko guduma zai fasa kwaɗon.

Baba ya hango ni ya ce, "Yawwa, ɗiyata, kawo makulli."

Ban san lokacin da na ratsa mutane na isa bakin ƙofar ba. Na durƙusa, bayana a jikin ƙyauren.

"Baba, ku yi haƙuri. Tana ciki. Ni na ɗauke ta na mai da ita robarta."

Ya dube ni kamar bai taɓa jin muryata ba, kuma kusan gaskiya ne, don ban taɓa haɗa masa magana mai tsawon haka ba.

"Da odar wa?"

"Ba odar kowa, Baba. Ba ta iya ci ana kallonta."

Ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce wannan zancen banza ne, yunwa ba ta san ido ba, wace irin halitta ce za a ajiye mata abinci a gaba ta ƙi ci don kawai ana kallonta. Mama tana tsaye da littafin waƙoƙinta na coci a hammata. Wannan karon ba ta juya harshe ba, da Hausa ta faɗa, don kowa ya ji.

"Wata biyar kana zaune da guda irinta a teburinka, kana ɗura mata maganin jini. Mi kag gani?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wani ya fara dariya, ya haɗiye abarsa. Baba ya dubi Mama, ya dube ni, ya daɗe yana dubana, daga wuyana da ya rame har zuwa zanin da na ƙara wa ɗauri. Sai ya kau da kai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya juya ga mutane ya ce an gode, kowa ya watse, masu adda su fara yin gaba.

Da gida ya rage mu uku, ya tsaya nesa da ƙofar, hannuwa a baya, ya ce in shiga in dubo in kawo masa rahoto. Na shiga na jawo robar a hankali, na ɗaga gefen murfin kaɗan. Babu ɓera. Rabin jikinta yana waje da kasko, tsakiyarta ta yi tulu. Na mayar da murfin, na zauna a ƙasa na yi kukan daɗi na ɗan lokaci, sannan na share fuska na fito.

"Ta ci, Baba."

Ya ce zai iya gani? Na ce in aka dame ta yanzu tana iya amayarwa, sai bayan kwana uku. Na ga yadda maganar ta yi masa nauyi, mutumin da ko ƙwan kaza sai ya ƙirga da idonsa. Ya gyaɗa kai, ya tafi baranda ya tsaya gaban gilashinsa, ya ɗauki jarida ya goge shi duk da babu kowa a ciki. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ƙarfe shida na yi na jera abinci kamar kullum, tuwon dawa da miyar kuka, ban san da wane ido zan zauna ba. Baba ya shigo, ya yi addu'a, ya tsamo nama ya ɗora mini kamar yadda ya saba. Sannan ya tashi, ya ɗaga kujerarsa ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango, farantinsa a cinya. Ya hau cin tuwonsa. Mama ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na dubi bayan tsohon nan, a miƙe kamar yana fareti, na kai loma baki, sai na ji ta wuce. Na cinye malmala guda, Mama ta ƙara mini rabi. Can ya yi gyaran murya, ya tambayi bango ko kurtu ta ci. Mama ta ce ta ci, har ta ƙara.

Kwana ukun sun wuce bai nemi ganin mesar ba, bai kuma sake nema ba. Rahoto dai kullum sai na kai masa bayan addu'ar safe, ko ta sha ruwa, ko ta fito daga kasko, ko ganye yana da danshi. Saɓarta ta gaba ta fita gaba ɗaya har da ta idon, na kai masa a hannu, ya shanya ta a kan tebur yana aunawa da sanda. Akwatin gilashin bai yi asara ba, Mama ta wanke shi ta zuba cincin tana sayarwa a ƙofar gida, ta ce dama abin da aka yi shi dominsa ke nan. Kujerar Baba kuwa ta ci gaba da kallon bango, rana da yamma, wata huɗu cur, ko baƙo aka yi ba ya juyowa.

Ranar da maigidana ya dawo, bayan an gama rungume-rungume da addu'a, ɗaki ya wuce kai tsaye, ya durƙusa ya jawo robar. Ya ɗaga mesar yana jinjina nauyinta, ya ce lallai na iya kiwo, ta fi yadda ya bar ta. Da aka zauna cin abinci ya ga mahaifinsa ya ɗaga kujera ya fuskanci bango, sai ya tsaya da cokali a hannu, ya dubi Mama, ya dube ni, ya tambaya a hankali ko Baba lafiya. Mama ta ce ya ci abincinsa.

Na tashi na zagaya, na durƙusa kusa da kujerar na ce, "Baba, ku juyo. Na koya."

Ya ɗaga farantinsa daga cinya. Sannan ya miƙe, na juya masa kujerar da hannuna, ya zauna yana fuskantarmu. Na koma wurina na ci tuwona har na side hannu. Shi kuwa har aka tashi bai ɗaga ido daga farantinsa ba.